Ciwon da Ya Kashe Abarci

Sa'adu Abdurrazak yana cikin shekararsa ta huɗu da fara koyarwa a wata lakwal ta ƙauye, tsakanin Dakoro da Kornaka, lokacin da ya ga kamar yara sun daina ɗaga murya. Zai tsaya gaban allo ya yi tambaya, ya ga hannuwa a sama, ya ga bakuna suna motsi, amma abin da ke iso masa kamar ana magana a bayan katanga. Da farko faɗa ya riƙa yi musu.

"Ku buɗe baki mana! Ba ku sha fura ba kuka fito?"

Su kuwa sai su dubi juna, don sun san da ƙarfi suka yi maganar.

Wata safiya shugaban lakwal ɗin ya fito daga biro, wato ofishinsa, ya tare shi a bakin aji, ya kira shi yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe Sa'adu, jiya sau uku ina kiranka daga ƙofar biro, ko waiwaye ba ka yi ba. Na yi maka wani laifi ne?"

Sa'adu ya rantse bai ji ba. Shugaban ya dube shi, ya ce ya je a duba masa kunne.

Ba kunnen kaɗai ba ne. Tun watanni biyu takalmansa sun matse shi, in ya tashi da safe fuskarsa a kumbure, sai hantsi take saɓewa. Akwai kuma tsohon abu da ya riga ya saba da shi har ya daina lissafa shi cikin ciwo: tun yana ɗan shekara shida fitsarinsa kan yi ja. A lokacin kowa tsargiya ya ce, don babu yaron da bai yi wanka a tabki da damina ba. An ba shi ƙwayoyin tsargiya ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na abokansa ya warke, nasa kuwa duk lokacin da zazzaɓi ko mura ta kama shi sai ya dawo.

Da aka yi hutun ƙarshen shekara ya ɗauko matarsa Zuhura, wadda ke da ƙaramin ciki, suka taho gida Dakoro. Mahaifiyarsa Hamsatu tana tsakar gida tana sussukar gero. Ta yi masa sannu da zuwa, ta tambaye shi hanya. Bai amsa ba. Ta sake faɗa, sai ta ga ya karkato da kunnen dama wajenta yana kallon bakinta. Ta sauke ido kan ƙafafunsa, ta ga inda igiyar takalmi ta nutse cikin nama.

Ta jingine taɓarya a jikin turmi, ta zauna a ƙasa.

"Auta, tun yaushe?"

"Ba komai ba ne, Inna. Gajiya ce."

"Na ce tun yaushe?"

Ya gaya mata. Ta tashi ta shiga ɗaki, Zuhura ta ji tana maimaita suna ɗaya a hankali: Abarci, Abarci.

Abarci ƙanen Hamsatu ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya shi, ita ta yi masa wanka, don uwarsu ba ta cika lafiya ba. Ya girma ya zama manomi mai zafin nama da zafin rai, yana da gona a hanyar Bader Goula. Shekara ashirin da bakwai da suka wuce, ana saura kwanaki a yanke gero, shanun wani makiyayi mai suna Intalla suka faɗa masa gona. Intalla yana cikin Buzayen da fari ya koro daga arewa suka zauna a gefen gari, suna noma kaɗan suna kiwo. Abarci ya fito da sanda ya karya ƙafar wata saniya mai ciki, dole aka yanka ta. A gaban mai gari an sasanta su, amma da za su watse Intalla ya ce, kowa yana ji, "Na bar ka da Allah. Za ka gani a jikinka."

Ba a yi shekara ba Abarci ya kurumce. Daga nan ya fara kumburi, ya daina cin abinci, yana amai, har numfashinsa ya canza wari. Ya rasu yana da shekara ashirin da tara. Babu wanda ya kai ƙara, babu wanda ya tari Intalla da maganar, amma Hamsatu ta faɗa a gidan makoki, ta faɗa a bakin rijiya, ta faɗa a kasuwa: Intalla ne ya yi wa ƙanenta asiri. Tun daga ranar ba ta sake sayen nono daga gidansa ba. In ta hango matarsa a hanya, sai ta sauya hanya. Mutane da yawa sun bi bayanta.

Yanzu ga ɗanta na ƙarshe da irin wannan kunne da irin waɗannan ƙafafu. A wurinta babu wani abin tambaya. Asirin ne bai mutu ba, ya tsallako ya kama wani.

Sa'adu ya kira yayarsa Hamdiya a salula, ko ta lallashi uwar tasu, saboda tsohuwar ta ƙi cin abinci. Hamdiya a Yamai take aiki, a labo inda ake yanka ɗan guntun naman jikin majiyyaci siriri kamar fatar albasa, a rina shi, a duba da mikroskop. Ta taɓa yin shekara guda a ƙasar waje tana koyon rinin da ke nuna sinadaran da ke cikin nama ɗaya bayan ɗaya. Da ta ji kunne, ta ji kumburi, ta tuna jan fitsarin ƙanenta tun suna yara, sai ta ce masa tana nan tafe. Bayan kwana biyu ta sauka a tashar Dakoro.

Ba ta yi wa uwarta gardama ba. Ta bar ta ta gama ba da labarin saniyar da abin da Intalla ya faɗa, labarin da ta ji ya fi sau ɗari. Sannan ta ce, "Inna, ke kika yi renon Kawu Abarci. Yana ƙarami, kin taɓa ganin jini a fitsarinsa?"

"Wane yaro ne bai yi tsargiya ba?"

"Shi ya yi?"

"Ya yi. Ni ke wanke masa wando. Nasa ma ya daɗe, har ya yi gemu yana fama."

"A lokacin kun san Intalla?"

Hamsatu ta harare ta. "A lokacin suna can arewa. Mi kike son ki ce?"

"Ba komai tukuna. A dangin Kaka, akwai wani namiji da ya kurumce?"

Hamsatu ta yi tunani. Ta ce uwarta tana da wa, Tanimu, ana ce masa Tanimu Kurma. Ba ta san shi ba, ya rasu da ƙuruciya kafin a haife ta. An ce iska ce ta buge shi a daji.

Hamdiya ta ce, "Ki bari in tafi da Sa'adu Yamai. Ke ma ki zo."

"Ni lafiyata lau."

"Na sani. Ki zo ki riƙe masa hannu."

Da wannan ta yarda. Ta ce amma sai an fara kai wa liman sadaka ya yi addu'a, Hamdiya ta ce ita ma haka take so.

A Yamai suka ga lokotoron ƙoda, wani dattijo mai magana a hankali, wanda da ya gane Sa'adu ba ya ji sosai sai ya jawo kujera ya zauna daf da shi, yana kallonsa ido da ido. An auna jini, an auna fitsari, an sa masa wani abu a kunne ana kaɗa sauti yana ɗaga hannu in ya ji. Lokotoron ya ce ƙodar tana yoyon furotin da jini, kuma aikinta ya ragu zuwa kusan rabi. Ya ce yana zaton ciwon gado ne da ake kira Alport, amma yana son a tabbatar. Hamdiya ta kawo shawara: maimakon a huda ƙoda, a ɗebi ɗan guntun fata daga hannu a aika labon da ta yi horo, su rina su turo hoto. Lokotoron ya yarda, ya ce a ɗebi na uwar ma in ta amince.

Hamsatu ta ce, "Fatata kuma mi ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Hajiya," in ji lokotoron. "Muna son mu ga ta inda abin ya biyo."

Ta dubi ɗanta, ta miƙa hannu. Guntun da aka cire bai kai ƙwayar dawa ba. Bayan sun fita, Hamdiya ta koma ita kaɗai ta ce a ɗebi nata.

Lokotoron ya rubuta wa Sa'adu magani irin na masu tansiyo, wato hawan jini, ƙwaya ɗaya kowace safiya, ya ce yana rage wa ƙoda nauyi. Ya hana shi gishiri mai yawa, ya hana shi ƙwayoyin ciwon jiki da ake sayarwa a tire a kasuwa, ya ce kowane jiƙo aka kawo masa ya tambaya tukuna. Suka koma Dakoro suna jira.

Sati bakwai aka yi. Damina ta yi nisa, gero ya fara ɗaukar ciki, sannan hotunan suka shigo salular Hamdiya. Ta nemi izini a wurin aiki ta sake hawa mota. Ba ta so ta faɗi wannan magana ta salula.

Da hantsi ta tara su a inuwar itacen bedi da ke tsakar gida: uwarta, Sa'adu da Zuhura. Ta zauna inda Sa'adu zai ga bakinta.

Ta ce, "Inna, duk inda akwai fata a jikin mutum, ta waje ko ta ciki, akwai wata shimfiɗa siririya a ƙarƙashinta da take zaune a kai. Ido ba ya ganinta. Saƙa ce, da zaruruwa iri-iri. Kuma ba saƙa ɗaya ba ce ko'ina. Ta tsoka daban, ta huhu daban, ta ƙoda daban. Kowace gaɓa da irin zaren da Allah Ya zaɓa mata."

"To," in ji Hamsatu.

"A cikin ƙoda, wannan shimfiɗar ita ce rariyar da ke tace jini. Lokacin da ɗa yake ciki, da wani irin zare ake fara saƙa ta, mai laushi, wanda ya isa ɗan tayi. Da ƙodar ta nuna, sai jiki ya sauya shi da wani mai ƙarfi, wanda zai jure bugun jini har tsufa. Shi wannan mai ƙarfin tufka uku ne, kamar igiyar guga. In ɗaya daga cikin ukun babu, igiyar ba ta tufkuwa gaba ɗaya. Sai ƙodar ta ci gaba da aiki da zaren jarirai. Yana riƙewa shekara goma, shekara ashirin, yana ɗan yoyon jini, daga nan ya fara zaizayewa."

Sa'adu ya ce, "Kunnen fa, Yaya?"

"Irin wannan zaren mai ƙarfi ne a can cikin kunne, da kuma cikin ido. Shi ya sa suke tafiya tare."

Hamsatu ta ce, "Wannan duk karatunku ne. Ni ban ga komai ba."

"Za ki gani yanzu."

Ta buɗe hoto na farko. Baƙi ne wuluk, sai wani layi kore shar da ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, yana lanƙwasa kamar hanyar tururuwa. Ta ce wannan fatar wani mai lafiya ce. Ɗaya daga cikin zaruruwan uku yana cikin fata ma, kuma rinin da aka zuba shi kaɗai yake kamawa. Koren layin shi ne.

Ta buɗe na biyu. Baƙi kawai, babu layi ko ɗigo.

"Wannan na Sa'adu ne."

Zuhura ta rufe baki da gyale. Sa'adu ya karɓi salular ya kai kusa da ido, ya daɗe yana neman kore bai samu ba.

Hamdiya ta karɓa ta buɗe na uku. A nan akwai layin, amma a tsintsinke: kore kaɗan, sai baƙi, sai kore, sai baƙi.

"Wannan na wa?" in ji Hamsatu.

"Naki ne, Inna."

Hamsatu ta riƙe salular da hannu biyu. Hamdiya ta yi mata bayani a hankali. Mace tana gadon umarnin saƙa wannan zaren sau biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ɗaya ya samu tangarɗa, ɗayan yana rufa mata asiri, shi ya sa nata layin wani wuri akwai, wani wuri babu, kuma mafi yawan mata ba sa jin komai. Namiji kuwa ɗaya tak yake samu, daga uwarsa. In ya dace da mai kyau, shi ke nan. In ya dace da ɗayan, babu mai cike masa. Haka Tanimu ya samu daga uwarsa. Haka Abarci ya samu daga tasa uwar. Tun yana ciki abin ke tare da shi, shekaru da yawa kafin shanun kowa su shiga gonarsa.

Wata akuya ta zo ta sa baki a ƙwaryar dusa, babu wanda ya kore ta.

Can Hamsatu ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ashe ni ce. Ni na ba shi."

"Inna..."

"Wata tara ina ɗauke da shi, ashe ciwo nake ɗura masa." Ta juya wajen Sa'adu, hawaye na zuba. "Auta, ka yafe mini."

Sa'adu bai ji kalmomin ba, amma ya ga fuskarta. Ya matso ya durƙusa gabanta yana cewa, "Mi ta ce? Yaya, mi ta ce?"

Hamdiya ta matso kusa da uwarta. Ta karɓi salular ta buɗe hoto na huɗu, wanda ba ta yi niyyar nuna wa kowa ba a ranar. Shi ma layinsa a tsintsinke yake.

"Wannan nawa ne, Inna. Wata biyar ke nan da aurena. In Allah Ya ba ni ɗa namiji, ko ya samu ko ya tsira, rabi da rabi ne. In ya samu, za ki ce ni na cuce shi?"

Hamsatu ta ɗago ta dube ta. "Allah Ya kiyaye. Ke mi kika sani a ciki?"

"To ke ma mi kika sani?"

Hamsatu ta jawo ɗiyarta jikinta, abin da ba ta yi ba tun Hamdiya tana ƙarama. Suka yi kuka tare. Zuhura ta jira sun lafa, sannan ta tambayi abin da ke cin ranta, hannunta a kan cikinta. Hamdiya ta ce in namiji ne, babu abin da zai ɗauka daga ubansa. In mace ce, za ta zama kamar ita da Inna, sai a riƙa duba fitsarinta da tansiyonta lokaci-lokaci.

Kwana uku Hamsatu ba ta fita ko ƙofar gida ba. A rana ta huɗu da safe ta yi wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi, ta ƙulle sukari da ganyen shayi a leda, ta ce wa Hamdiya, "Ɗauko salularki ki raka ni."

Gidan Intalla yana can ƙarshen gari ta arewa, inda gidajen ƙasa ke ƙarewa shingayen ƙaya su fara. Suka same shi a ƙarƙashin rumfa, tsoho siriri cikin rawani mai shuɗi da ya koɗe, yana gyaran igiyar ɗaure maraƙi. Idonsa ya yi rauni, sai da Hamsatu ta yi sallama ta faɗi sunanta sannan ya gane ta. Hannunsa ya tsaya a kan igiyar.

"Hamsatu yayar Abarci?"

"Ni ce."

Ya sa aka kawo tabarma. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida, ya tambayi damina, kamar jiya suka rabu. Da gaisuwa ta ƙare, Hamsatu ta ajiye ledar a gabansa ta ce, "Malam Intalla, na zo neman gafara. Shekara ashirin da bakwai ina cewa kai ka kashe ƙanena. Ba kai ba ne. Ciwo ne na gidanmu, a jininmu yake. Ga shi ya kama ɗana, ga ɗiyata ta nuna mini da idona."

Hamdiya ta miƙo salular. Ya ɗaga hannu ya ce ta bar shi, ba ya gani, kuma ba ya bukata.

"Ni na san ban yi ba," in ji shi. "Ba sai an nuna mini ba."

Ya ci gaba da murza igiyar a tafin hannu, sannan ya ce, "Maganar da na faɗa gaban mai gari, na faɗe ta. Raina a ɓace yake, saniyar nan ita kaɗai ta rage mini daga garken ubana. Da na ji ya kwanta, na so in zo in gaishe shi, aka ce in na taka ƙofarku za a ce na zo ƙarasa shi. Ranar da aka kai shi, daga nesa na tsaya na yi masa salla."

Hamsatu ta sunkuyar da kai.

"Matata Halimatu ta bar kai nono kasuwa, don ba mai saye. Sai dai ta ba wata ta kai mata a ce na wani gida ne. Ta rasu shekara shida ke nan, da wannan sunan a kanta. Ɗiyata Maraya, an sa ranar aurenta, dangin yaron suka ji labari suka janye. Ta yi aure daga baya, a Mai Yara, inda ba a san mu ba." Ya ajiye igiyar. "Ban faɗa don in ƙona miki rai ba. Kin zo da gaskiya, ni ma in ba ki gaskiya."

"Ka faɗa, hakkinka ne."

"Ni na yafe. Tsakanina da ke babu komai, duniya da lahira. Na Halimatu ba ni da ikon yafewa, sai ki roƙa mata Allah. Abu ɗaya nake so. Inda kika faɗi waccan maganar, ki je ki faɗi wannan. Ina da jikoki."

"Zan faɗa."

Ya tambayi sunan ɗan nata da ba shi da lafiya, ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a. Ya sa aka dafa shayin da ta kawo, suka sha kofi na farko da na biyu. Hamsatu ta kasa tsayawa na uku.

Ranar kasuwa ta tafi rumfar masu nono, inda mata suka fi taruwa. Ba ta iya jawabi ba. Ta tsaya tsakanin ƙorai ta ce duk wadda ta taɓa jin ta ce Intalla ya yi wa Abarci asiri, to ƙarya ta yi, ba da sani ba, kuma ta janye. Ta ce ciwon gado ne, ta wajen uwa yake bi, ita ma tana ɗauke da shi. Wasu suka yi salati. Wata ta ce ai boko ne ya juya mata kai. Wata tsohuwa kuma ta jawo ta gefe ta tambaye ta a asirce yadda ake wannan awon, don jikanta fitsarinsa ja ne shekara da shekaru, kuma maganin tsargiya bai yi masa komai ba. Hamsatu ta ba ta lambar Hamdiya. Ta sake faɗin maganar a bakin rijiya, ta kuma roƙi liman ya faɗa wa maza bayan sallar Juma'a, ya faɗa.

Sa'adu bai warke ba, kuma babu wanda ya ce masa zai warke. Amma kumburin ya sauka, kuma awon da aka yi bayan wata shida ya nuna yoyon ya ragu. Lokotoron ya ce in ya riƙe maganin, yana iya samun shekaru kafin a fara maganar wankin ƙoda, sai dai ba zai iya ce masa nawa ba. Hamdiya ta samo masa na'urar ji da ake maƙalawa a bayan kunne. Sati biyu yana jin kunyar sa ta, sannan ya saba. An dawo da shi wata lakwal a cikin Dakoro don ya kusanci asibiti. A sabon ajinsa ya jera tebura kamar rabin da'ira, yadda zai ga bakin kowane ɗalibi, ya kuma gaya musu tun ranar farko cewa kunnensa ba shi da ƙarfi, duk mai magana ya tashi tsaye ya dube shi.

Zuhura ta haihu bayan an gama girbi, ta samu ɗiya mace. Hamsatu ta aika goron suna gidan Intalla. Shi bai zo ba, ƙafafunsa ba sa kai shi nesa. Amma da la'asar, bayan taro ya ragu, wata mace doguwa mai kimanin shekara arba'in da biyar ta yi sallama. Ta ce ita ce Maraya, ta zo ganin mahaifinta daga Mai Yara, shi ya ce ta biyo ta yi barka. Hamsatu ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta kawo mata ruwa da fura. Maraya ta karɓi jaririyar ta dube ta, ta yi mata addu'a, ta ajiye ɗan kwalban man shanu a gefe. Ba ta taɓa ruwan ba, ba ta taɓa furar ba. Da Hamsatu ta fara cewa, "Ɗiyata, abin da na yi miki..." sai ta ce, "Baba ya gaya mini," ta miƙe ta yi sallama.

Hamsatu ta raka ta har bakin hanya, ta dawo ta zauna kusa da ƙwaryar furar.

Bayan wata huɗu Maraya ta sake zuwa Dakoro, mahaifinta ba ya jin daɗi. Da za ta koma ta biyo ta gidan, ta ce ta zo ta ga yadda yarinyar ta girma. Ranar ana zafi ƙwarai. Ta zauna a inuwa da yarinyar a cinya, ta tambayi jikin Mushe Sa'adu, Hamsatu ta tambayi jikin tsoho. Da aka kawo ruwa ta karɓa ta sha, ta ce a ƙaro mata.